Amalanken Hummad

Tsohon bankin da ke bakin tashar jiragen ruwa bai faɗi ba har yau. Rufinsa ya tafi, wata bishiya ta tsiro ta tagar bene, amma ginshiƙansa suna tsaye, kuma a inuwarsu nake soya kifi tun kafin yaƙi ya shigo mana Massawa. Sunana Zamzam. Baƙi kan zo su ɗauki hoton ginin, su riƙa cusa yatsa a ramukan harsashin da ke jikin bangon. Ni ba bangon nake gani ba. Ƙasan barandar nake gani, inda na taɓa tsallake mutane ina neman yayana.

Mu uku ne a gida a lokacin: ni, da yayana Hummad, da mahaifiyarmu Bekhita, wadda muke kira Yumma. Mijina masunci ne, ya fita teku wata safiya bai dawo ba, sai na tattara na koma gidanmu. Hummad ɗan dako ne a tasha, ƙato, marar yawan magana, kafaɗarsa ta dama duk ta yi kanta saboda ɗaukar buhu. Yumma kuwa ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Bakinta ne kaɗai ciwon bai taɓa ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Adey Letekidan, wata tsohuwa Kirista da ta sauko daga kan duwatsu tun tana budurwa, tana yi wa ma'aikatan jiragen ruwa wanki. Ruwan wankinta ta ƙofarmu yake bi, kuma a kan ruwan nan ita da Yumma suke faɗa tun ban san kaina ba.

A 1990 mayaƙanmu masu neman 'yancin kai suka ƙwace garin daga hannun sojojin Habasha. Mun yi guɗa har muryoyinmu suka dishe. Ba mu gama murnar ba jiragen saman Habasha suka fara zuwa daga wajen Asmara. Da rana suke zuwa, bibbiyu, kuma babu ruwansu da wane ne soja, wane ne mai sayar da shayi. Gidajen tsibirinmu na dutsen murjani ne, bom ɗaya kan kwantar da layi guda. Sai zaman gari ya juye: da asuba kowa ya fice, da magariba a dawo a yi girki, a ɗebi ruwa, a ga abin da ya rage.

Mu maɓoyarmu wani kwalbati ne a ƙarƙashin titin Edaga, can ƙetaren ruwa. Kafin a kai can sai an haye ƙaramar gada, a wuce ta gaban tsohuwar fada a Tiwalet, sannan a miƙe a kan Sigalet, doguwar hanyar nan da ta ratsa teku, ruwa dama, ruwa hagu, babu ko inuwar da akuya za ta raɓa. Hummad ya shimfiɗa katifa a amalankensa na tasha. Kullum da asuba ya ɗora Yumma ya tura, ni ina ɗauke da jarkar ruwa, Adey Letekidan tana biye da mu da ƙulli a ka.

Ranar farko Yumma ta waiga ta gan ta, ta ce, "Wa ya gayyato wannan kuma?"

"Hanyar ta ubanki ce, Bekhita?"

"Hummad, ƙara sauri, ka bar ta a baya jirgi ya samu na karin kumallo."

"Ni ƙashi ce zalla, me zai ci a jikina? Ke zai fara ɗauka, ga ki nan an jera masa ke a faranti."

Hummad ya yi dariya har amalanken ya karkace.

A sunkuye ake shiga kwalbatin, kuma a sunkuye ake wuni. Mutum na jikin mutum, gumin wani na gangara a bayan wani. In rana ta take, siminti ya ɗau zafi har ba a iya jingina da shi. Babu wanda ke fita bayan gida, ana yi ne a gwangwani a bayan zane. Idan ƙarar jirgi ta taso sai kowa ya yi tsit, ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo mana a ka, yara su ɓarke da ihu. Akwai wani bom da muke kira mai 'ya'ya, wanda ke fashewa tun a sama ya watso ƙanana. Wannan ko a ƙarƙashin mota ka ɓuya sai ya same ka. Wata rana jaririn wata mata da ke kusa da ni ya yi ta kuka tun safe, da azahar ya yi shiru. Ta ci gaba da jijjiga shi har magariba, ba ta ce wa kowa komai ba, mu ma da muka gane ba mu ce mata komai ba.

A haka azumi ya kama, namu da na su Adey a tare a shekarar.

"Bana dai an haɗa mu azumi ɗaya," in ji Adey.

Yumma ta ce, "Naku wane irin azumi ne, da ake cin wake da rana tsaka?"

"Ina waken? Nuna mini shi in ci a gabanki."

Babu waken. Masunta sun daina fita, domin jirage na bin kwale-kwale. Garin da muke da shi ya ƙare, muka koma shan ruwan zafi da ɗan gishiri in an sha ruwa. Ga kuma alkama tuli a tasha, wadda aka kawo saboda masu fama da fari, jirage sun banka mata wuta. Makonni tana ci. Hayaƙin ya rufe gari, ko'ina ƙanshin gasasshen hatsi, ga ciki babu komai. Mutane suka fara zuwa suna tono ta ƙarƙashin toka, inda wutar ba ta gama cinyewa ba.

Wata rana bayan la'asar Hummad ya duba Yumma. Tun safe ba ta zagi kowa ba, leɓenta ya tsattsage. Ya jawo wani ɗan buhu ya naɗe.

Na ce, "Yaya, ina za ka?"

"Tasha."

"Rana ba ta faɗi ba."

"Ba su taɓa zuwa war haka ba. In na jira magariba, gari duka zai riga ni."

Yumma ta buɗe ido ta ce, "Zauna, Hummad."

"Yumma, da kafaɗata na jera buhunan nan. In ƙyale su su ƙone ke kina nan kina lasar leɓe?" Ya gyara mata matashi. "Kafin a kira salla na dawo na tura ki gida."

Ya sunkuya ya fita. Ba shi kaɗai ba ne. Da rana ta yi sanyi mutane suka yi ta fitowa daga ramuka suna komawa tsibiri kamar kullum. Matuƙan jiragen nan sun lura da lokacin. Ranar sai da hanya ta cika sannan suka zo.

Daga bakin kwalbatin na ga tsibirin ya turnuƙe. Ban san sanda na tashi ba. Adey ta riƙo zanena, na fizge. Ta ce, "Je ki, 'yata, ni ina nan da ita."

Na yi gudu a kan Sigalet, mutane na gudowa ni ina kutsawa cikinsu. Na wuce fada, ƙubbarta a tsage kamar an sare ta da gatari, tattabaru na ta shawagi sun rasa wurin sauka. Na haye ƙaramar gada. Tun daga nan na fara taka takalman da masu su suka bari.

A barandar banki aka jera masu rauni, domin nan ne kaɗai ginin da ake ganin zai jure wani bom ɗin. Wata mayaƙiya mai gajeren wando da jakar magani tana ta yage rigunan mutane tana ɗaure musu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa fuska. Wani ya kama ƙafata yana roƙon ruwa. Wata da na sani, mai sayar da gawayi, tana zaune tana kallon inda hannunta yake a dā.

Na ce wa mayaƙiyar, "'Yar'uwa, wani ƙato, ɗan dako, da farar singileti."

Ba ta ɗago ba. "Yana magana?"

"Ban sani ba."

"Masu magana suna nan. Sauran an kai masallaci."

A farfajiyar masallacin Sheikh Hanafi an kwantar da su a layi, Musulmi da Kirista, babu mai lokacin tantancewa. Tabarmin salla aka lulluɓa musu. Wani dattijo mai jan gemu yana ɗaga tabarma ga duk wanda ya zo nema. Ya ɗaga mini ta farko, ta biyu, ya ci gaba. Da muka zo kan wani sai ya tsaya.

"Wannan ba shi da fuskar da za ki gane, 'yata."

Na ce, "Buɗe mini kafaɗarsa ta dama."

Ya buɗe. Na ɗora hannuna a kan kantar. Da sauran ɗumi.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na tsaya har maza suka sallace su gaba ɗaya, suka ɗebe su zuwa maƙabartar bakin teku. Da zan tafi dattijon ya miƙo mini ɗan buhun nan, cike, gefe guda ya jiƙe ya yi baƙi.

"A ƙarƙashinsa muka samu. Ya kwanta a kai."

Na so in jefar. Na rungume shi na tafi.

Ko da na koma kwalbatin mutane sun watse, sai su biyu da 'yar fitila. Tun kafin in sunkuya Yumma ta ce, "Ke kaɗai ce. Tafiyarsa ba haka take ba."

Na durƙusa a gabanta. Ta kalli buhun. Hannunta mai lafiya ya tashi ya fara dukan ƙirjinta, Adey ta kama hannun ta danne shi a nata ƙirjin, ta fashe da irin kukan mutanen kan duwatsu, mai kiran sunan mamaci. Yumma ba ta hana ta ba.

Da ta samu numfashi sai ta ce, "Ku kai ni gida."

Na ce, "Yumma, wa zai tura ki? Mu kwana a nan."

"Ba za a yi mini gaisuwar ɗana a cikin rami ba. Ɓera na haifa?"

Muka tura ta, ni a hannun dama, Adey a hagu. Sai ranar na san nauyin da Hummad ke turawa kullum yana dariya. Maƙwabtan da suka rage suka shigo, kowa da nasa mamacin, muka yi wa juna gaisuwa.

Da asuba na shimfiɗa katifa a amalanken, Yumma ta ce ba inda za ta.

"Ku tafi. Ni na gama gudu."

"Yumma, don Allah."

"In sun zo su same ni a gadona. Me ya rage da za su ɗauka?"

Na roƙa, na yi kuka, na yi faɗa. Gari na ta wayewa, layinmu ya zama babu kowa. Adey ta sauke ƙullinta ta zauna a bakin gadon, ta miƙe ƙafa.

Yumma ta ce, "Ke kuma fa?"

"Na zauna. In kin mutu ni da wa zan yi faɗa? Zamzam ma ba za ta tafi ta bar ki ba, kin sani. To mu mutu mu uku, sai a ce Bekhita ta kashe 'yarta da taurin kai."

Yumma ta dube ni. Sannan ta ce, "Tir da maƙwabtaka da ke, Letekidan. Ku ɗaga ni."

Kafin mu wuce fada rana ta fito sosai. Muka hau Sigalet, ba kowa a kanta sai wata babbar mota can gabanmu. Ƙafar amalanken ɗaya tana ta kuka. Adey na haki, ni hannuwana sun mutu. Mun kai wajen tsakiya, inda baya da gaba duk nisa ne, na ji ƙarar.

Ban ga jirgin ba tukuna, inuwarsa na gani ta gilma a kan ruwa. Motar da ke gabanmu ta tsaya, direban ya dire ya faɗa teku.

Na ce, "Ruwa, Adey! Mu shiga ruwa!"

Adey Letekidan ta tsufa a bakin teku amma ko ƙafarta ba ta taɓa sawa a ciki ba. Ta kalli ruwan, ta kalli sama, ta yi alamar gicciye. Muka kifar da amalanken. Na kama Yumma ta hammata, Adey ta kama ƙafafu, muka ja ta a kan duwatsun gefen hanya, suna yankar ta suna yankar mu, har ruwa ya kai mana ƙirji. Muka manne da duwatsun. Na tallafo kan Yumma a kafaɗata.

Bom na farko ya faɗi a teku, ruwa ya taso ya rufe mu, na sha gishiri har ta hanci. Na biyu ya samu motar. Zafin ya wuce ta kanmu kamar an buɗe tanda. Ƙarafa na faɗowa cikin ruwa suna cuu. Adey ta rungume wuyan Yumma da hannu biyu tana kiran Maryam da iyakar muryarta, Yumma tana kalmar shahada, ni ban san abin da nake faɗa ba. Jirgin ya juyo ya bi hanyar da harsashi tun daga wancan kai har wannan.

Can Yumma ta ce, a shaƙe, "Letekidan, sake mini wuya. Jirgi bai kashe ni ba ke za ki kashe ni."

"Ba zan saki ba! Ƙafata ba ta taɓa ƙasa!"

"To ni na ce ki zama guntuwa?"

Muna cikin ruwan nan har ƙarar ta ɓace, muka ƙara jira. Da na hau kan hanya na tarar amalanken ya rabu biyu, katifar na ci da wuta. Buhun alkamar yana ɗaure a ƙuguna, shi ya tsira. Adey ta taya ni na goya Yumma da zanena. Ƙafafunta na jan ƙasa. Haka muka ƙarasa Edaga, in na faɗi Adey ta ɗaga ni, in ta faɗi ta tashi da kanta.

Ba mu sake komawa tsibiri ba. Ba abin turawa, ba mai turawa. Muka tare a kwalbatin dare da rana.

Da magaribar ranar na zazzage alkamar. Rabinta ta ƙone, kuma ruwan teku bai gama wanke jinin ba. Na sake wankewa, na tafasa a gwangwani. Warin hayaƙi da na man jirgi take yi. Na ajiye a gabanmu, babu wadda ta miƙa hannu.

Yumma ce ta fara magana. "Ba ni."

"Yumma..."

"Saboda ita ya tafi. Ba ni in ci." Na ba ta a baki, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar. Ta tura gwangwanin wajen Adey. "Ci, ke ma. Ya sha ɗaukar miki ruwa."

Alkamar nan ita ta riƙe mu har Salla. Amma yankan da duwatsu suka yi wa Yumma a baya da cinya bai warke ba. Ya kumbura, ya fara ruwa, ƙudaje suka same shi. Mayaƙiyar nan mai jakar magani ta biyo ta kwalbatin sau ɗaya, ta duba, ta wanke da ruwan gishiri, ta ce abin da take da shi ke nan. Zazzaɓi ya shiga. Yumma ta riƙa kiran Hummad ya zo ya gyara mata matashi. Adey ce ke amsawa, ta gyara, ta yi mata fifita da kwali.

Yumma ta cika wata safiya, ana shirin fitowar rana, kanta a cinyar Adey.

Matan da ke wurin suka kare mu da zannuwa na yi mata wanka da ruwan da bai fi cikin buta ba. Sai maganar likkafani. Na bi kwalbatin kaf ina tambaya. Babu mai farin ƙyalle, duk an binne mutane da su. Wani ya ce a naɗe ta a buhu, haka ake yi yanzu.

Adey ta ce, "Bekhita a buhu? Ai sai ta tashi ta zage mu."

Ta kwance ƙullinta ta fito da farin mayafinta na zuwa coci, na saƙi, wanda take ajiye wa ranar tata mutuwar. Bakinsa na da ado ja da kore. Ta ce, "Naku ba a sa masa ado, ko?" Na ce a'a. Ta sa haƙori ta ɓarke bakin, ta yage shi tun daga wannan gefe har wancan, ta miƙo mini farin.

Maza huɗu suka ɗauke ta zuwa maƙabartar Hitumlo, suna sauri suna kallon sama. Ramin bai yi zurfi ba. Ni da Adey muka tsaya daga nesa har suka rufe, sannan muka juyo da gudu-gudu, domin rana ta ɗaga.

Ko da muka sunkuya cikin kwalbatin, wata mata da ba mu sani ba ta riga ta shimfiɗa 'ya'yanta biyu a wurin Yumma. Adey ta buɗe baki za ta yi masifa. Ta kalli yaran, ɗaya kansa naɗe da tsumma. Ta rufe bakin, ta matsa jikin bango, ta ja ni kusa da ita.

A nan muka zauna har jiragen suka daina zuwa, bayan watanni. Da muka koma tsibiri ɗakin Adey ya zama tarin duwatsu, namu kuwa rufi kawai ya rasa. Ta shigo wurina, a gadon Yumma take kwana har ta rasu.